Burma Road, Barikin Bukavu da mutanen da ba mu san sunayensu ba

1/ Gobe 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Za ku ga hotuna: manya sun ajiye furanni a Abuja, an saki tattabaru, an busa bigila, shi ke nan sai baɗi. Ni dai ga zare a kan abin da ke gabanmu a Fagge da Sabon Gari kullum muna wucewa. Ku biyo ni a hankali.

2/ Wa ya taɓa hawa adaidaita ya ce "Burma Road zan sauka"? Burma ƙasa ce a can gabashin Indiya, yau ana ce mata Myanmar. Tsofaffinmu Boma suke cewa. A dazukanta kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a yaƙin duniya na biyu, wanda a gida ake kira yaƙin Hitila, duk da ba Hitila suka je suka tarar ba.

3/ Runduna biyu Turawan Ingila suka haɗa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. An kafa ta 81 a 1943. 'Yan Arewa sun cika su maƙil, har Hausa ta daɗe tana zama harshen bariki. A zuba mutum a jirgin ƙasa zuwa Legas, daga nan jirgin ruwa zuwa Indiya. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Challawa ba, sai ga shi makonni a kan teku.

4/ Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya min a rai. A kwarin Kaladan, a 1944, babu hanyar mota. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu daga jirgi, sauran aikin kuma kai ne. Akwai dubban mutane da aikinsu kawai dako: su ɗora akwatin harsashi a ka, su hau dutse, su ratsa kogi, ga damina mai zuba kamar da bakin ƙwarya, ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini. Da yawansu ko bindiga ba a ba su ba. Ka je yaƙi da gammo. Ku ɗan tsaya ku yi tunanin wannan.

5/ Kakan babana yana cikinsu. Ban riske shi ba. Abin da ya rage mana lambar yabo ɗaya ce mai siffar tauraro, a cikin tsohuwar adakar kakata, ƙyallen jikinta duk ya koɗe. Babana ya ce bai taɓa jin ya ba da labarin yaƙin ba, sai dai in an yi tsawa da dare ya tashi zaune, ba ya komawa barci.

6/ Sunayen da suka samo asali daga yaƙin suna nan a barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan, Myohaung da Dodan a Legas. E, Dodan Barracks ɗin da kuka sani a tarihin mulkin soja.

7/ Namu na Kano kuwa, Bukavu, gari ne a gabashin Kwango. Sojojin Najeriya sun je aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar daga 1960 zuwa 1964. Filin jirgin saman Kano ma ya yi nasa aikin a yaƙin duniya: zango ne na jiragen yaƙin Ingila da ake tasowa da su daga Takoradi zuwa Alƙahira.

8/ Waɗanda ba su dawo daga Boma ba fa? Wasu sunayensu na jikin bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Su ma sun fi na gaba da su sa'a. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka yi wa Turawa. Sai da gwamnatin Ingila ta ba da haƙuri a majalisa.

9/ To me ya sa 15 ga Janairu? Da can 11 ga Nuwamba ake yi, tare da Ingila. Aka mayar da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

10/ Amma ranar tana da nauyi ta wani gefen. 15 ga Janairun 1966 ne aka yi juyin mulkin da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. A watan Oktoban shekarar kuma aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da yawa a nan Kano, a filin jirgi da Sabon Gari, kuma da hannun sojoji a ciki. Na san wasu za su zo min a kan wannan. Ku zo. Titi ɗaya ya raba Fagge da Sabon Gari, kowane gefe da mamatansa, kuma ban ga amfanin tunawar da za ta tsallake rabin labarin ba.

11/ Jerin bai tsaya ba. Laftanar Kanal Muhammad Abu Ali ya rasu a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016 yana yaƙar Boko Haram. Shi mun san sunansa. Ƙananan sojojin da suka faɗi tare da shi a daren fa, wa zai iya kawo sunan mutum ɗaya ba tare da ya buɗe Google ba? Ni ma ban iya ba, na gwada.

12/ Allah ya jiƙansu da rahama, ya kula da marayunsu. In a gidanku akwai wanda ya je Boma, Kwango, yaƙin basasa, Laberiya ko Sambisa, ka tambayi tsohuwar gidan yau da dare tun tana nan. Ka rubuto min unguwarsu da inda aka kai shi, zan haɗa su a zare na gaba.