Daga Kuɗin Karofi Zuwa Takardar Rajista: Hukuma da Ƙananan Masu Sana'a a Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin dangantakar hukuma da ƙananan masu sana'a a ƙasar Katagum, tun daga zamanin jihadi har zuwa shirye-shiryen tallafin da aka tsara domin jawo mai ƙaramin jari ya yi rajista. Za a nuna cewa mai sana'a a wannan yanki ya daɗe da sanin littafin hukuma a matsayin littafin karɓar haraji, kuma wannan tarihi ya bar tabo a harshe da kuma yadda jama'a ke kallon kowane sabon shiri.

2.0 Matsalar Suna

Tunanin raba tattalin arziki gida biyu, wato mai rajista da marar rajista, ya bazu ne daga takardar da Baturen Ingila Keith Hart ya gabatar a 1971 kan binciken da ya yi a unguwar Nima ta birnin Akara, sannan rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan Kenya ya ƙarfafa shi a 1972. Masu fassara kan juya wannan tunani da "sana'o'in bayan fage" ko "kasuwancin kara-zube". Na farko yana da warin fasa-ƙwauri, na biyu kuwa yana nuna rashin tsari. Babu wanda ya dace da maƙerin Azare ko mai ƙuli-ƙuli a Gamawa. Saboda haka a nan za a yi amfani da "sana'o'in da ba su da rajista".

3.0 Kafin Zuwan Turawa

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno. Lokacin da matafiyi Kilafaton ya sauka garin a 1824, ya lura cewa a nan ne mai fitowa daga Barno ke fara ganin ana ciniki da wuri.

Kasuwa a ƙasar Hausa ta wancan zamani tana da nata tsari. Akwai Sarkin Kasuwa, akwai sarakunan sana'a kamar Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera. Fatoma yana saukar da baƙo ya tsaya masa, dillali yana karɓar la'ada ya zama shaida, alƙali yana raba gardama. Jari kuwa daga gado ko ubangida ko adashi yake fitowa. Ta hannun waɗannan shugabanni hukuma ke karɓar haƙƙinta, irin su kuɗin karofi daga marina da jangali daga makiyaya. Ke nan an san mai sana'a, an san wanda ya tsaya masa, ko da ba a rubuta sunansa ba.

4.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Turawa sun shigar da Katagum ƙarƙashin mulkinsu a 1903. Dokar haraji ta 1906 da kafa baitulmalin En'e suka kawo ƙidaya da malaman haraji da rasit. A farkon wannan zamani aka mayar da fadar sarki daga Katagum zuwa Azare, sannan a 1926 aka sanya masarautar cikin Lardin Bauchi. Tun daga nan shiga littafi ya zama daidai da biyan kuɗi, har ɓoye shanu lokacin ƙidayar jangali ya zama abin da kowa ya sani.

Cinikin gyaɗa ya ƙara wani darasi. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, sannan Nguru a 1930, gyaɗa ta zama babbar hajar yankin. Da aka kafa hukumar cinikinta a 1949, sai masu lasisi kaɗai ke sayar mata. Su ke samun kuɗin banki, su ba 'yan baranda adibas su shiga ƙauyuka. Ta haka takarda ta zama kayan manya, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya ci gaba da rayuwa a inuwar ubangida.

5.0 Zamanin Rance

Bayan samun 'yanci, gwamnatoci sun ɗauka rashin jari ne kaɗai ciwon. An kafa bankin manoma a Kaduna a 1973. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, gwamnatin Janar Babangida ta buɗe Bankin Talakawa a 1989 da bankunan al'umma a 1990. A shekarar 1990 ɗin ne kuma aka yi dokar da ta haifi Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. A 2000 aka narkar da Bankin Talakawa cikin bankin manoma. Akasarin waɗannan shirye-shirye rance ne mai kuɗin ruwa, abin da Musulmi da dama ke ƙyama saboda haramcin riba, kuma ba su ɗauki rajista a matsayin manufa ba.

6.0 Zamanin Tallafin Rajista

Shirin YouWiN na 2011 ya ba matasa jari kyauta, amma an gina shi kan rubuta tsarin kasuwanci da Ingilishi ta intanet. A 2018 hukumar CAC ta rage kuɗin rajistar sunan sana'a daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci. A 2020, bayan annobar korona, gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 domin ceto ƙananan sana'o'i. A ciki aka ɗauki nauyin rajistar sunaye 250,000 kyauta a faɗin ƙasa, aka kuma ba masu sana'ar hannu naira 30,000 kowanne. A 2024 an raba naira 50,000 ga masu ƙaramin jari, bisa sharaɗin mallakar lambar zama ɗan ƙasa da ta banki.

Ga mutumin Azare, batun yana da nauyi. Garin yana da kwalejin ilimi da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gaɗau. Dokar sayayya ta 2007 ta wajabta wa cibiyoyin tarayya hulɗa da masu takardun rajista da shaidar biyan haraji. Kafintan da ba shi da takarda zai iya ƙera kujerun, amma ɗan kwangila ne zai sa hannu ya ɗauki kaso mai tsoka, kamar yadda mai lasisi ya yi wa ɗan baranda.

Sai dai akwai cikas guda uku. Na farko, fom da Ingilishi yake, don haka mai nema kan biya mai shagon kwamfuta, kyautar ta tashi daga kyauta. Na biyu, rajista tana zuwa da wajibin sabunta bayani kowace shekara, wanda ba kasafai ake bayyana wa mai karɓa ba. Na uku ya shafi harshe kai tsaye. Kalmar "tallafi" ta haɗiye kyauta da rance duka. Naira 10,000 na shirin TraderMoni na 2018 rance ne, amma da sunan tallafi ya isa kasuwa, mutane da yawa suka ɗauke shi rabonsu daga gwamnati. Wanda aka bi bashi bayan ya zaci kyauta ce, da wuya ya sake miƙa sunansa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa sana'o'in ƙasar Katagum suna da tsarinsu tun kafin zuwan rajista, kuma gudun littafin hukuma gado ne na haraji da lasisi. Tallafin kuɗi zai yi tasiri ne idan mai sana'a ya ga takardar ta buɗe masa asusun banki ko kwangila. Masana harshe suna da rawar takawa a nan: su daidaita kalmomi ta yadda "kyauta" da "rance" da "jari" za su tsaya kowace a muhallinta, a fassara fom da sharuɗɗa cikin boko da ajami, a kuma isar da su ta bakin shugabannin kasuwa da na sana'a, waɗanda jama'a suka saba amincewa da su.