Nauyin Gafara a Littafin Les Misérables

Masu nazarin Les Misérables, littafin da Victor Hugo ya fitar a 1862, sukan tsaya ne a kan karamcin Bishof Myriel na garin Digne a Faransa. A ganina, abin da ya fi damun Hugo shi ne wahalar karɓar gafarar da mutum bai cancanta ba.

Jean Valjean ya fito daga kurkukun Toulon a 1815 bayan shekara 19: biyar saboda satar burodi, sauran saboda yunƙurin tserewa. Duk masaukin da ya nufa sai a kore shi, bishof kaɗai ya buɗe masa ƙofa. Ya ci ya kwanta, cikin dare ya kwashe cokulan azurfa ya sulale. Da jandarmomi suka taso ƙeyarsa, bishof ya ce kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa alkukin azurfa biyu. Alheri ke nan a koyarwar Kirista, yana rigan tuba isowa. Valjean bai roƙi afuwa ba, bai ma amsa laifinsa ba.

Kyautar ba ta gyara shi nan take ba. Da yammacin ranar ya taka kuɗin wani yaro, Petit Gervais, ya ƙi ɗaga ƙafa, yaron ya ruga yana kuka. Sai da ya ga kuɗin a ƙasa ya gane abin da ya zama, ya bi daji yana kiran sunan yaron, sannan ya fashe da kuka, karo na farko tun ɗaurinsa. Ashe gafarar bishof ce ta sa ƙaramar satar ta yi masa ciwon da shekarun sarƙa ba su yi ba.

Wani zai ce wannan sassauci ne da ke ɓata ɓarawo. Littafin bai goyi bayan haka ba. Valjean ya zama magajin gari mai dukiya, amma da aka kama wani mutum mai suna Champmathieu ana zaton shi ne Valjean, sai ya tafi kotun Arras ya tona asirin kansa.

Sufeto Javert kuwa, ɗan sandan da ke farautar Valjean, ya kasa ɗaukar wannan kaya. A wani bore da aka yi a Yunin 1832 ransa ya faɗa hannun Valjean, shi kuma ya sake shi. Mutumin da bai san komai ba sai doka ya rasa inda zai ajiye alherin tsohon fursuna. Kama shi butulci ne, ƙyale shi cin amanar aiki. Ya faɗa kogin Seine.