Daga fitsarin goɗiya zuwa kantin mai kemis: tarihin maganin ɗaukewar al'ada

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Yau tarihin wani magani za mu bi, kuma Goggona ce ta jefa ni cikin bincikensa.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, tana aure a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Roni. Shekararta 49 lokacin da abin ya soma. Ana tsakiyar hunturu, kowa na neman bargo, ita kuwa sai ta farka cikin dare sharkaf da gumi, ta fito tsakar gida tana fifita. Barci ya ƙaurace mata, gabanta na faɗuwa ba dalili, abu kaɗan sai faɗa. Al'adarta ta rikice, ta zo wata ɗaya, ta ɓace wata biyu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka fara yi wa abokiyar zamanta wani irin kallo. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe wani mai kemis ya yanko mata katin ƙwayoyi, ba kwali ba takardar bayani, ya ce na gyaran jikin mata ne. Gumin kuwa ya ragu. Bayan wasu watanni sai jini ya ɓalle mata.

Ni na raka ta asibiti. Likitar ta juya bayan katin ta karanta, ta ɗago ta ce, "Mama, an taɓa yi miki aikin cire mahaifa?" Goggo ta ce a'a. Likitar ta ce, "To wannan estrojin ne zalla. Mai mahaifa ba a ba ta shi shi kaɗai." A hanyarmu ta dawowa Goggo ta tambaye ni, "Ke 'yar nan, kin yi jami'a. Maganin nan guba ne ko magani ne?" Wallahi ban iya amsawa ba. Abin da na samo bayan haka shi ne shirin yau.

Mu fara da jikin kansa. Ƙwayayen haihuwar mace na samar da sinadarai biyu manya, estrojin da furojestaron. Idan shekaru suka ja, galibi tsakanin 45 da 55 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, sai su ragu har al'ada ta ɗauke. Likitoci na cewa ta ɗauke ne idan an cika wata 12 ba a ga jini ba. Wani bincike da Farfesa Friday Okonofua da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan matan Najeriya ya gano matsakaicin shekarun ɗaukewar kusan 48 ne. Raguwar estrojin ce ke kawo zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da bushewar gaba, da raunin ƙashi. Maganin da muke magana a kai yana mayar wa jiki wani ɓangare na abin da ya ragu ne.

A 1941 wani kamfani mai suna Ayerst a Kanada ya fitar da ƙwaya mai suna Premarin, a 1942 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita. Kun san daga ina ake tace ta? Daga fitsarin goɗiya mai ciki, kuma daga nan ma sunan ya samo asali. Mu da muka tashi muna kallon hawan sallah a Kazaure, ba mu taɓa kawowa a rai ba cewa dangin dawakan nan sun zama jarin biliyoyi a wata nahiya.

A 1966 wani likitan mata a birnin Niyok, Robert Wilson, ya rubuta littafi mai suna Feminine Forever, wato mace har abada. Ya ɗauki ɗaukewar al'ada a matsayin cuta, ya ce mace ta sha estrojin har ƙarshen rayuwarta don kada ta tsufa. Littafin ya samu kasuwa sosai. Sai daga baya ta fito fili cewa kamfanonin magani na ba gidauniyarsa kuɗi. Kafin tsakiyar shekarun 1970, Premarin ta shiga sahun magungunan da aka fi rubutawa a Amurka.

Sai 1975 ta zo. Bincike biyu suka fito a mujallar likitoci ta New England, duka suna nuna cewa masu shan estrojin zalla sun fi sauran mata kamuwa da kansar mahaifa ninki da dama. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Estrojin na sa shimfiɗar cikin mahaifa ta riƙa kauri, furojestaron ne ke taka mata birki. Idan ba birki, sai ta yi ta tsiro har wani sashe ya lalace. Ciniki ya faɗi. Likitoci suka koma haɗa estrojin da furojestin, wato furojestaron na haɗin kamfani, ga duk mai mahaifa. Ku lura da kyau, kuskuren da duniya ta gano tun 1975 shi aka maimaita a kan Goggona bayan fiye da shekara 40.

Maganin ya sake farfaɗowa a shekarun 1980 da 1990. Wani babban bincike na jami'ar Harvard da ya fara bibiyar ma'aikatan jinya sama da 120,000 tun 1976 ya nuna masu shan maganin sun fi ƙarancin ciwon zuciya. Nan fa aka fara rubuta wa mata shi a matsayin rigakafi, ko da babu abin da ke damun su. Amma akwai tarko a irin wannan binciken. Da za ka zagaya Kazaure ka ga masu na'urar sanyaya ɗaki sun fi tsawon rai, ai ba za ka ce na'urar ce magani ba. Masu ita ne ke da kuɗin abinci mai kyau da kuɗin asibiti. Haka matan da ke shan maganin a wancan lokacin, da yawansu dama can sun fi lafiya da hali.

A 1991, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, Bernadine Healy ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka. Ita ta ƙaddamar da shirin binciken lafiyar mata da ake kira WHI a taƙaice. Wannan karon ƙuri'a aka yi. An ɗauki mata 16,608 masu mahaifa, 'yan shekara 50 zuwa 79, aka ba kusan rabi estrojin haɗe da furojestin, sauran kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da kowacce ta san wadda take sha ba.

A watan Yuli na 2002 aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, bayan shekara biyar da 'yan watanni. Jaridu suka ɗauka: maganin na ƙara haɗarin kansar mama da kashi 26 cikin 100. Mata miliyoyi suka watsar da shi, a 2003 kuma FDA ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalayensa.

To amma mu buɗe wannan kashi 26 ɗin mu gani. A cikin mata 10,000 da ba su sha ba, 30 ne suka kamu da kansar mama a shekara. A cikin 10,000 da suka sha, 38 ne. Ƙarin mutum 8 ke nan. Haka kuma an samu ƙarin 8 na shanyewar ɓarin jiki, ƙarin 8 na gudan jini a huhu, da ƙarin 7 na ciwon zuciya. A ɗaya ɓangaren, an samu ragin 5 na karayar ƙugu da ragin 6 na kansar hanji. Ba na raina mutum 8, domin kowacce uwar wani ce. Amma wanda ya ji "kashi 26" zai zaci mace ɗaya cikin huɗu ce za ta kamu, kuma ba haka lissafin yake ba.

Abu na biyu da kanun labarai suka tsallake shi ne shekaru. Matsakaicin shekarun matan da aka gwada 63 ne, yawancinsu sun haura shekara 10 da ɗaukewar al'ada. An shirya gwajin ne don a ga ko maganin na hana ciwon zuciya, ba don masu fama da gumin dare irin Goggo ba. Akwai kuma sashe na biyu na gwajin, mata 10,739 da aka riga aka cire wa mahaifa, waɗanda aka gwada estrojin zalla a kansu. An tsayar da shi a 2004 saboda ƙarin shanyewar ɓarin jiki, amma ba a ga ƙarin kansar mama ba.

Da masana suka sake rarraba alƙaluman bisa shekaru, sai hoton ya sauya. Matsayar manyan ƙungiyoyin likitoci a yau ita ce: mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamomin sun takura mata, galibi amfanin ya fi haɗarin. Wadda ta fara bayan nan, haɗarinta ya fi yawa. An kuma gano wanda ake mannawa a fata kamar filasta, ko a shafa, bai kai na haɗiya jawo gudan jini ba, na sakawa a gaba don bushewa kuwa kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Haɗarin kansar mama dai bai gushe ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta Ingila ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa idan mata 50 suka fara shan haɗin biyun kullum suna da shekara 50, suka yi shekara biyar suna sha, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai kansar mama cikin shekara 20. A watan Nuwamba na 2025 kuma FDA ta sanar da cire mafi yawan gargaɗin nan na 2003.

Kun ga yadda aka yi ta lilo ke nan. A 1966 aka ce kowace mace ta sha, a 2002 tsoro ya sa kusan kowa ya gudu, kuma duka biyun sun cutar da mata. Abin da shekara 80 suka koyar shi ne a tambaya: wace mace ce, shekarunta nawa, tana da mahaifa ko babu, wane iri za a ba ta, kuma har zuwa yaushe? Wadda ta taɓa kansar mama ko ta mahaifa, ko gudan jini, ko shanyewar ɓarin jiki, ko bugun zuciya, ko ciwon hanta mai tsanani, ko take zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba, ba ta cikin masu sha. Mai hawan jini sai an daidaita shi tukuna. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin 40, ko aka cire mata ƙwayayen haihuwa tana ƙuruciya, ita shawarar likitoci ma ta sha har zuwa kusan 50 don kare ƙashinta da zuciyarta.

Yanzu mu dawo gida. Duk wannan awon an yi shi ne a kan matan Amurka da Turai, mafi yawansu fararen fata, waɗanda ake yi wa hoton mama a kai a kai. A Najeriya sananne ne cewa kansar mama kan zo asibiti a makare. Matar da ke Gwiwa, kafin ta ga ƙwararren likitan mata, sau da yawa sai an haɗa kuɗin motar Kano, a je irin su asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Saboda haka tsorona shi ne tallar ta riga awon isowa. Ku duba TikTok da WhatsApp ku ga yadda ake sayar da kayan gyaran jiki, ba wanda ke tambayar mai saye ko tana da hawan jini. Tsorona na biyu shi ne shiru. Malaman fiƙihu sun yi bayanin wannan mataki na rayuwar mace a babin idda tun ƙarnuka da suka wuce, amma mu a gidajenmu mun mayar da shi abin kunya, har aka kusa raba zaman lafiyar gida guda a kan abin da sinadari ne ya jawo.

Goggo dai Allah ya rufa asiri. An duba mahaifarta ba a sami kansa ba. An gano tana da hawan jini, aka fara da shi. Bayan ya daidaita, likita ta zauna da ita ta faɗa mata amfani da haɗari da Hausa, ita da kanta ta zaɓi ta sha haɗin biyun, da sharaɗin komawa a duba ta. Yanzu tana barci. Wata aminiyarta a Babura da ta ji labari ta je neman irinsa, aka hana ta, saboda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa bayan haihuwa. An ba ta wani magani daban wanda ba na sinadaran mace ba. Duka biyun an yi musu daidai.

Mu matasa mu ne masu waya a gida, mu ake aika kemis. In aka aike ka sayo wa Inna ko Goggo maganin da ba likita ya rubuta ba, ka tsaya ka tambayi me ke damun ta. In ta kusa 50 tana kukan zafi da gumin dare, ka raka ta asibiti a auna jininta, a duba mamanta. In kuma al'ada ta ɗauke shekara guda sannan jini ya dawo, ko ɗigo ne, wannan ba a kwana da shi. Ranar 18 ga Oktoba ce ranar ɗaukewar al'ada ta duniya. Ƙungiyoyinmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura za su iya gayyato ma'aikaciyar lafiya ɗaya zuwa Islamiyyar matan aure a ranar, ta yi bayani na awa guda, iyayenmu su yi tambaya ba namiji a wurin.

Ku tura wa yayyenku wannan rubutun, ko ku karanta wa iyayenku mata idan kunya ta bari. Sai mun haɗu a shiri na gaba.