Sunan Sarki a Gindin Kwano

A kudu maso gabashin ƙasar Sin, cikin lardin Jiangxi, akwai wani gari mai suna Jingdezhen wanda ya shafe ɗaruruwan shekaru yana gasa tangaran. A nan ne sarakunan daular Ming suka kafa matoyarsu, kuma a nan ne al'adar rubuta sunan zamanin sarki a gindin kwano ta kahu, musamman daga mulkin Xuande, 1426 zuwa 1435.

Alamar takan ƙunshi haruffa shida, wani lokaci huɗu. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, a fara da layin dama. Biyun farko suna faɗin daula, ko "Babbar Ming" ko "Babbar Qing". Biyun tsakiya sunan zamanin sarki ne, na ƙarshe kuma suna cewa "an yi a shekarun". Galibi da shuɗin launi ake rubutawa kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa, don haka rubutun yana kwance ƙarƙashin ƙyallin, ba ya kankaruwa.

Akwai rubutu iri biyu. Na farko shi ne na yau da kullum, kaishu. Na biyu shi ne zhuanshu, rubutun hatimi, wanda aka daidaita irinsa tun zamanin sarkin da ya haɗa kan Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Almasihu. A kan tangaran ana jera shi cikin murabba'i kamar tambarin hukuma. Ya fara yawaita a zamanin Yongzheng, 1723 zuwa 1735, ya kuma mamaye kayan fada a zamanin Qianlong, 1736 zuwa 1795. Saboda haka wanda ya ga sunan Xuande cikin irin wannan hatimi, ya kamata ya dakata.

Amma alamar ba ta cika faɗin gaskiya ba. A shekara ta 1677 mahukuntan Jingdezhen suka hana magina sa sunan sarki Kangxi a kan kayansu, don kada kwano ya fashe a jefa sunan sarki a juji. Sai magina suka riƙa zana da'ira biyu babu komai ciki, ko ganye, ko kuma su ɗauko sunan wani sarki da ya daɗe da mutuwa. Sunan da suka fi so shi ne Chenghua, 1465 zuwa 1487, domin kayan zamaninsa sun yi suna wajen laushi da kyan launi. Masana suna cewa girmamawa ce ga magabata. Akwai gaskiya a ciki, sai dai kasuwa ma tana da nata hannu, gama tsohon suna ya fi tsada.

Wanda ya ba Turai labarin garin shi ne Fada François Xavier d'Entrecolles, mai wa'azin bishara daga Faransa, wanda wasu daga cikin masu bi na ikilisiyarsa magina ne. Cikin wasiƙarsa ta 1712 ya bayyana farar ƙasar da ake haƙowa, ya ce kwano guda yakan bi ta hannun mutum wajen saba'in. Ya kuma tona yadda ake ƙera "tsoffin kaya": a dafa sabon kwano cikin romo mai kitse, sa'an nan a bar shi cikin magudanar ƙazanta har wata guda, ya fito kamar ya shekara ɗari uku.

Shi ya sa ƙwararru sukan duba alamar daga ƙarshe. Da farko sukan auna nauyin kwanon a hannu, su duba gindinsa inda ƙyalli bai taɓa ba, da zurfin shuɗin, da salon zanen, sa'an nan su ga ko hannun marubucin ya dace da na zamanin da ake da'awa. Kalmar CHINA da haruffan boko kuwa shaida ce mai sauƙi: ta bazu ne daga 1891, bayan dokar Amurka ta bukaci a rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigarwa.

Idan alama da zamani suka yi daidai, kuɗin ba kaɗan ba ne. A 2014 an yi gwanjon wani ɗan ƙaramin kofi na Chenghua mai hoton kaji a Hong Kong, wani attajirin Shanghai, Liu Yiqian, ya saye shi kan dalar Amurka wajen miliyan 36.