Tarihin Kiɗan Fim ɗin Metropolis

Metropolis fim ne marar magana da Fritz Lang ya ba da umarni a Jamus, kamfanin UFA ya ɗauki nauyinsa, aka fara haska shi a Berlin ranar 10 ga Janairu, 1927. Labarin wani birni ne da masu hannu da shuni ke shaƙatawa a saman benayensa, leburori kuma suna ƙarƙashin ƙasa suna yi wa injuna bauta. Freder, ɗan mai birnin, ya kamu da son Maria mai yi wa leburorin wa'azin haƙuri, sai wani maƙeri mai suna Rotwang ya ƙera mutum-mutumi da kamanninta don ya tunzura su. Fim ɗin yana sahun gaba cikin tsofaffin fina-finan da aka fi yi wa sabon kiɗa, kuma tarihin kiɗan nasa ya sarƙe da tarihin ɓacewar wani sashe na fim ɗin da sake gano shi.

A wancan zamani zaren fim hoto kawai yake ɗauke da shi, don haka kowane gidan silima shi ke nemo wa kansa sauti. Ƙaramin gida ya ajiye mai piyano ɗaya yana kallon allo yana bi. Babban gida kuwa makaɗa ne birjik a wani rami gaban allo, jagoransu na tsaye da sanda. Yawanci tsintar kiɗan ake yi daga sanannun waƙe-waƙe, wannan na baƙin ciki, wancan na gudu da tsere. Dattawan da suka riski majigin zamanin Turawa a Arewa sun san wani abu mai kama da haka, inda mai bayani da lasifika ke cike gurbin abin da hoto bai faɗa ba. Fina-finai ƙalilan ne ake rubuta wa kiɗan kansu tun daga farko har ƙarshe, Metropolis na cikinsu.

Wanda ya rubuta shi Gottfried Huppertz ne, wanda dama ya yi wa Lang kiɗan Die Nibelungen a 1924. Bai jira an gama ɗaukar fim ba. Yana wurin ɗauka, yakan buga piyano 'yan wasa suna motsi a kan kiɗan. Ya bi salon Richard Wagner, inda kowane mutum da kowane wuri ke da takensa: Maria na da nata, Rotwang na da nasa, injuna ma na da nasu, duk sanda suka bayyana sai taken ya dawo da wata 'yar sauyawa. A wurin boren leburori ya karkatar da taken ƙasar Faransa, a wuraren mutuwa kuma ya ɗauko Dies Irae, tsohuwar waƙar cocin Katolika ta ranar hisabi. Abin da ya zo ya fi komai amfani daga baya shi ne 'yan rubuce-rubucen da ke saman layukan kundin kiɗan, masu nuna abin da ke faruwa a allo a daidai wannan bugun, don kada jagoran makaɗa ya wuce hoto ko hoto ya wuce shi.

Cikakken fim ɗin, mai kusan awa biyu da rabi, bai daɗe a kasuwa ba. Kamfanin Paramount ya ba marubucin wasan kwaikwayo Channing Pollock aikin gyara shi don Amurkawa, ya datse shi ya sauya rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna. Cikin abin da ya cire har da labarin Hel, matar da Rotwang da mai birnin suka yi takara a kanta, sai Rotwang ya koma mahaukaci marar dalili. UFA ma ta fitar da gajeren nata a Jamus a cikin shekarar. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ya salwanta. Kiɗan da aka auna wa dogon fim ba zai zauna a kan gajere ba, ga shi fina-finai masu magana sun kunno kai a wannan shekara ta 1927. Huppertz ya rasu a 1937, kundinsa ya shiga ma'ajiya.

Shekaru da dama duk wanda ya samu kwafi sai ya ɗora masa abin da ya ga dama. BBC ta nuna shi a 1975 da kiɗan na'ura na William Fitzwater da Hugh Davies. Amma wanda ya tayar da ƙura shi ne Giorgio Moroder, ɗan Italiya, ubangidan kiɗan disko wanda ya yi aiki da Donna Summer, ya kuma ci kyautar Oscar da kiɗan fim ɗin Midnight Express. A 1984 ya fitar da nasa Metropolis mai minti tamanin da 'yan kai. Ya rina hotunan da launuka, ya mayar da yawancin rubutun tsakani ƙasan allo don labari ya yi sauri, sannan ya zuba waƙoƙin zamani da muryoyin Freddie Mercury, Pat Benatar, Bonnie Tyler, Adam Ant da Jon Anderson. Masu sharhi da yawa suka yi masa ca, har aka sa kiɗan cikin takarar Razzie, kyautar ba'a da ake ba mafi munin aiki. Sukar tana da tushe, domin kalmomin waƙa suna gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa a wurin da fuskar Brigitte Helm, wadda ta fito a matsayin Maria, ta riga ta faɗa, kuma sautin ya tsufa da sauri fiye da hotunan da suka girme shi da shekara 57. Sai dai a yi masa adalci. Moroder ya bi ma'ajiyoyi ya nemo guntayen da ba a saba gani ba, ya cike wasu giɓi da hotuna marasa motsi, kuma ta hannunsa ne matasan da ba za su taɓa zama kallon fim marar magana ba suka san Metropolis. Waƙar Mercury mai suna Love Kills ta shiga goman farko a Ingila, ƙungiyarsa ta Queen ma ta yi amfani da hotunan fim ɗin a bidiyon Radio Ga Ga.

A daidai wannan lokaci al'adar haska tsohon fim da makaɗa a zahiri tana farfaɗowa, tun bayan da Carl Davis ya jagoranci sabon kiɗan Napoléon na Abel Gance a Landan a 1980. Metropolis ya zama filin gwaji. A 1991 makaɗan Alloy Orchestra na yankin Boston suka raka shi, da na'urar kiɗa da ganguna da tarkacen ƙarfe rataye a jikin sanduna, har da fo na asibiti. A wurin da leburori ke jan hannayen injin kamar na agogo, ƙarar ƙarfe kan ƙarfe ta fi goge dacewa, shi ya sa aikinsu ya karɓu. Martin Matalon ya rubuta nasa a 1995 wa cibiyar IRCAM ta Paris, ya haɗa makaɗa da kwamfuta. Jeff Mills na Detroit ya yi na tekno a 2000, ya taƙaita fim ɗin ya dace da kiɗansa.

Matsalar da kowannensu ya fuskanta ɗaya ce: fim ɗin ba shi da tsayayyen tsawo. Kowane kwafi da nasa giɓin, kuma saurin juya zaren yana iya bambanta daga wannan nuni zuwa wancan, don haka kiɗan da aka rubuta wa wani kwafi sai an yi masa kwaskwarima kafin ya hau wani. Lokacin da gidauniyar Murnau ta nuna gyararren kwafinta a bikin fina-finai na Berlin a 2001, Bernd Schultheis ne ya yi masa sabon kiɗa. A shekarar ce UNESCO ta sa fim ɗin cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya.

A 2008 aka sanar da gano wani kwafi a gidan adana fina-finai na Buenos Aires a Ajantina, bisa ƙoƙarin Paula Félix-Didier da Fernando Peña. Kwafi ne na ƙaramin zare mai milimita 16, duk ya kakkarce kamar ana ruwan sama a cikin hoton, amma yana ɗauke da wajen minti 25 da aka fitar da rai da su. A nan tsohon kundin Huppertz ya yi rana. Alamomin da ke cikinsa, fiye da dubu, tare da takardun hukumar tace fina-finai ta Jamus masu ɗauke da rubutun tsakani, su suka nuna wa masu gyara inda kowane guntu zai shiga da tsawon da ya kamata ya yi. Jagoran makaɗa Frank Strobel ya zauna da masu gyaran yana auna hoto da bugu. In kiɗa ya yi saura bayan hoto ya ƙare, an san akwai abin da ya ɓace a wurin. Babu ɗaya cikin sababbin kiɗe-kiɗen da zai iya wannan aiki, domin dukkansu a kan yankakken fim aka ɗinka su.

Ranar 12 ga Fabrairu, 2010, Strobel ya jagoranci makaɗan gidan rediyon Berlin a zauren Friedrichstadt-Palast, jama'a kuma suna tsaye cikin sanyi a Ƙofar Brandenburg suna kallo a babban allo. Wannan kwafi mai minti 148 shi ne ake nunawa yanzu, kodayake wurare biyu ba su dawo ba, wa'azin wani limamin coci da faɗan Rotwang da mai birnin, an cike su da rubutu. Dawowar Huppertz ba ta rufe ƙofa ba: Alloy Orchestra da Matalon duk sun faɗaɗa nasu don su dace da sabon tsawon. Daga 1 ga Janairu, 2023, haƙƙin mallakar fim ɗin ya ƙare a Amurka, a Jamus kuwa yana nan har yanzu.