Daga Game Boy zuwa Steam Deck: wace na'urar gem ce ta dace da aljihu?

Shirin yau na 'yan gem ne, amma ko wanda bai taɓa buga gem ba zai iya zama, domin labari ne na manyan kamfanonin da suka tafka asara saboda sun raina abubuwa biyu ƙanana, batir da aljihu.

Tambayar ita ce, da za a ba ka takarda da biro a ce zana na'urar gem ta aljihu wadda babu kamarta, me za ka fara rubutawa? Na san yawancinmu ƙarfi za mu fara nema, hoto tangaran, ƙwallo mai kama da ta talabijin. To ni dai da na bi tarihin waɗannan na'urori na shekara arba'in da wani abu, sai na ga kusan duk lokacin da aka yi karo tsakanin mai ƙarfi da mai juriya, mai juriyar ce ke tashi da kasuwa. Bari mu faro daga tushe.

Kamfanin Nintendo ya girmi kakanninmu. A 1889 aka kafa shi a birnin Kyoto na Japan, kuma katin karta yake bugawa. A 1965 ya ɗauki wani matashi mai suna Gunpei Yokoi aikin kula da injinan buga katin. Aikin ba shi da yawa, sai ya riƙa ƙere-ƙere don kashe lokaci, har ya haɗa wani hannu mai miƙewa da ake ɗauko abu daga nesa da shi. Shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gani, maimakon ya kore shi sai ya ce a mayar da abin kayan wasan yara. Aka sa masa suna Ultra Hand, ya fito a 1966, aka sayar da sama da miliyan ɗaya.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wata rana Yokoi yana cikin jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci gajiya ta ishe shi yana ta danna kalkuleta ba don lissafi ba, don dai hannunsa ya samu abin yi. Daga nan tunanin Game & Watch ya zo, wadda ta fito a 1980. Ƙaramar aba ce, gem ɗaya tak a cikinta da agogo, tana aiki da ƙananan batir irin na agogon hannu. Ku lura da wani abu a nan. Fuskar da aka yi amfani da ita irin ta kalkuleta ce, wadda a lokacin ta yi araha saboda kamfanoni irin su Sharp da Casio sun daɗe suna gasar karya farashi. Wannan ita ce aƙidar Yokoi har ya bar duniya: ka ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi arha, kowa ya san halinta, ka nemo mata sabon aiki. Kuma a kan Game & Watch ɗin Donkey Kong ta 1982 ne madannin nan mai kan huɗu, sama da ƙasa, hagu da dama, ya yi suna. Har yau yana jikin kusan kowane hannun gem da za ka riƙe.

To yanzu mu zo 1989, shekarar da aka yi babban karon.

A watan Afrilu Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan, a ƙarshen Yuli kuma ta isa Amurka a kan kusan dala 90. Idan ka ga fuskarta yau sai ka yi dariya. Babu kala, kore ne shar mai duhu hawa huɗu, ɗigon hoto 160 a kwance 144 a tsaye. Babu fitila a ciki, da dare sai ka matsa kusa da ƙwan lantarki. A shekarar dai kamfanin Atari ya fito da Lynx, mai kala, mai haske, a kan kusan dala 180. A 1990 Sega ya biyo da Game Gear, ita ma mai kala, har tallace-tallace ya riƙa yi yana yi wa koren fuskar Game Boy ba'a.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Game Boy batir huɗu take ci, irin na tocila ƙarama, kuma za su kai ka awa 15 ko fiye. Game Gear shida take ci, kuma cikin awa uku zuwa biyar ta zuƙe su. Lynx ma shida, awa huɗu zuwa biyar. Dalili kuwa fitilar da ke bayan fuskar ce, wani ɗan ƙwan lantarki ne mai shan wuta ba wasa ba. Ku yi lissafi da kanku. Yaron da ya buga awa 30 a wata, in Game Boy ce batir takwas sun ishe shi. In Game Gear ce, ko da ta yi ƙoƙari ta ba shi awa biyar-biyar, batir 36 ke nan. Wane uba ne zai jure wannan? Na'urar da ake cewa ta tafi-da-gidanka sai ta koma tana maƙale da soket a bango.

Sakamako: Game Gear ta tsaya a miliyan goma da 'yan kai. Lynx ko kusa da haka ba ta kai ba. Game Boy da ƙanwarta mai kala ta 1998 sun haura miliyan 118.

Ba batir kaɗai ya yi aikin ba, gaskiya. Akwai Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet, aka haɗa shi cikin kwalin Game Boy a Amurka. Gem ne da ba ya buƙatar kala, ba ya buƙatar ka iya wani yare, kuma minti biyar ma sun isa ka yi zagaye ɗaya. Sannan akwai ƙwari. Wata Game Boy da bom ya ƙona a yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinta duk ya narke ya yi baƙi, an daɗe ana nuna ta a shagon Nintendo na New York tana aiki. Wani ɗan sama jannatin Rasha, Aleksandr Serebrov, ya tafi da tasa tashar Mir a 1993.

Sai dai Game Boy ta farko, mu faɗi gaskiya, ba ta aljihu ba ce sosai. Kaurinta ya wuce santimita uku, sai dai aljihun babbar riga. A 1996 ne aka fitar da Game Boy Pocket, siririya mai cin ƙananan batir biyu, a shekarar da Pokémon ya fito a Japan ya sake hura wa tsohuwar na'urar rai. A wannan shekarar kuma Yokoi ya bar Nintendo, bayan Virtual Boy, wata na'ura da ake leƙawa da ido, ta faɗi warwas a 1995. Ya rasu a haɗarin mota a watan Oktoban 1997. Aikinsa na ƙarshe, WonderSwan ta kamfanin Bandai, ta fito a 1999, kuma batir ɗaya tal ke riƙe ta wajen awa 30. Ni a wurina wannan ɗan batir guda shi ne sa hannun mutumin.

Mu nan gida kuwa, mafi yawanmu ba ta Game Boy muka shiga harkar ba. Ta Brick Game muka shiga, wannan ta robar da ake kawowa daga Caina, an rubuta 9999 a jikinta kamar gem dubu tara ne a ciki, alhali 'yan kaɗan ne ake ta jujjuya su. Batir biyu, ƙarar tii-tii, sai jera bulo. Bayan wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 kuma sai macijin Nokia ya karɓe fagen. Wannan gem ɗin ya fara fitowa ne a Nokia 6110 a 1997, wani injiniya ɗan Finland mai suna Taneli Armanto ya rubuta shi, amma 3310 ce ta kai shi kowane lungu. Kun ga abin da ya haɗa su da Game Boy? Arha, ƙwari, da cajin da ke kwana da kwanaki. A garin da wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga 2003 zuwa 2005 an yi gwaje-gwajen da duk mai zana na'urar mafarkinsa ya kamata ya sani. Game Boy Advance SP ta 2003 tana naɗewa kamar littafi, murfin ya kare fuskar, ga fitila, ga batir mai caji. Amma sun cire ramin iyafis, sai ka sayi wata waya daban. Nokia ya fito da N-Gage, waya da gem a haɗe, sai dai kafin ka canja katin gem dole ka buɗe baya ka cire batir, in za ka amsa kira kuma sai ka kara gefenta a kunne kamar mai riƙe da faranti. Game Boy Micro ta 2005 ta nuna cewa ƙanƙanta ma tana da iyaka, fuskarta inci biyu ce, ba ta kuma karɓar tsofaffin kaset na Game Boy ta asali, ko miliyan uku ba a sayar ba.

A 2004 aka maimaita karon 1989. Sony ya zo da PSP, kyakkyawa, mai faɗin fuska, tana cin ƙaramin faifai, hotonta ya kusa na PlayStation 2. Nintendo ya zo da DS mai fuska biyu wadda ba ta kai ta ƙarfi ba. PSP ta yi rawar gani, wajen miliyan 80, kuma ni ma ina cikin masu ƙaunarta, ƙwallo a kanta daɗi ne da ita. Amma DS ta kai miliyan 154. Magajiyar PSP, wato Vita ta 2011, ta zo da katin ajiya na Sony kaɗai mai tsada, wannan na cikin abubuwan da suka sanyaya wa masu saye gwiwa.

Daga nan sai aljihu ya fara ɓacewa daga lissafi. Switch ta 2017 jaka take so. Steam Deck ta kamfanin Valve, ta 2022, faɗinta kusan santimita 30, nauyinta giram 669, kuma in ka ɗora mata gem mai nauyi awa biyu ma da ƙyar. Kwamfuta ce mai hannu, kuma tana da kyau, amma wallahi duk sanda na gan ta Game Gear nake tunawa.

Wani zai ce, to ai wayarka ita ce na'urar aljihun. Ban ƙi ba, yawancinmu a kanta muke bugawa. Amma batirin da kake ƙonawa da gem shi ne wanda za a kira ka a kai, shi ne na tura kuɗi. Gilashi ba shi da madannin da yatsa ke ji. Ga talla kowane minti biyu, ga gem ɗin da ba ya buɗewa in babu data. Shi ya sa har yanzu ake ƙera ƙananan na'urori irin su Miyoo Mini da Analogue Pocket da Playdate, kuma mutane na saye.

To ga tawa, in da ni aka ba wa biron. Mai naɗewa ce kamar SP, ta shige aljihun gaba na kaftani ba tare da ta ja rigar ƙasa ba, nauyinta kada ya kai giram 200. Fuska inci uku da rabi ta isa. Ina so in rufe ta gem ya tsaya cak, in buɗe ya ci gaba daga inda yake, kamar yadda DS ke yi, domin wasan aljihu a layin banki ake yin sa da cikin Keke Napep, ba wanda ke da lokacin jiran ta tashi. Madanni mai kan huɗu na Yokoi nake so, ba sandar juyawa ba. Masu Switch sun sha kuka da sandar da ke tafiya da kanta, balle a ce ta haɗu da ƙurar hunturu. Ramin iyafis dole, katin ajiya kuma irin na waya wanda ake samu ko'ina.

Abu biyu ne ba zan sassauta a kansu ba. Na farko, ta yi komai babu intanet, har da wasan mutum biyu. Game Boy da waya ake haɗa guda biyu, DS kuma tana barin mai kati ɗaya ya tura wa abokansa gem ɗin su buga tare. Fasahar da ta haura shekara 20 ke nan, ban ga dalilin da zai sa yau a ce sai da data ba.

Na biyu shi ne batir. Awa 20 aƙalla, ko da hakan na nufin hoton ba zai kai na waya ba. A caje ta da kan caja irin ta wayoyin yanzu, yadda ƙaramar sola ko fawa banki za su cika ta. Kuma batirin ya zama na cirewa da hannu, irin BL-5C ɗin Nokia da har gobe ake sa wa ƙananan rediyo da sifika, wanda in ya kumbura za ka shiga Farm Centre a Kano ko wajen mai gyaran waya na bakin titi ka sayi wani ka maƙala. Wannan ma ba mafarki ba ne zalla. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta ce daga 2027 yawancin ƙananan na'urorin da za a sayar a ƙasashenta dole batirinsu ya zama wanda mai abin zai iya cirewa ya canja da kansa, kuma na'urorin gem na hannu suna cikin waɗanda dokar ta shafa.