Ikiwiki

Ikiwiki manhaja ce ta gina wiki, wato shafin intanet da jama'a ke rubutawa da gyarawa tare. Joey Hess, wanda ya daɗe yana aiki a kan tsarin kwamfuta na Debian har zuwa 2014, shi ya rubuta ta da harshen Perl, ta fito a 2006, kuma kyauta ce.

Wikipedia tana adana rubutunta ne a rumbun bayanai ta hanyar MediaWiki. A Ikiwiki kuwa kowane shafi fayil ne na rubutu zalla, a tsarin Markdown, ana ajiye shi cikin ma'ajiya mai riƙe tarihin gyara, kamar Subversion ko Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005.

Mai kafa ta zai buɗe babbar ma'ajiya a kan saba, ya ware babban fayil na shafukan, sannan ya cike fayil ɗin saiti. Duk sanda aka tura gyara, wani ɗan umarni da ke maƙale da ma'ajiyar zai sa a sake gina shafukan HTML nan take. Kowane gyara yana ɗauke da sunan mai shi da lokacinsa, don haka ɓarna ba ta da wuyar warwarewa.

Babban amfaninta shi ne aiki ba tare da intanet ba. Ɗalibi a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, kusa da Ƙofar Kabuga, zai iya kwafo wikin gaba ɗaya, ya yi ta rubutu a kwamfutarsa, sai ya samu data ya tura. Wasu manhajojin wiki, kamar Gollum da Gitit, su ma a kan Git suke aiki.